Hoton da Ya Cinye Zauren Baba

Zauren gidanmu na Jugu ba shi da ƙyaure. Ba talauci ya hana a sa masa ba. Kakanmu da ya gina shi ne ya ce gidan mai masauki ba a rufe shi, aka bar ƙofar a wangale har na yi wayo, har aka kai ni aure Paraku. Zaure ne na ƙasa, zagayayye, mai duhu da sanyi, bangonsa duk jan yawun goro daga ƙasa zuwa daidai gwiwa. Ban ce yana da kyau ba. Wari ma yake yi, na jiƙaƙƙen buhu da ganyen fita na naɗe goro da ƙafafun mutanen da suka sha hanya. Amma duk falken da ya taso da goro daga Gwanja zai yi arewa, ko ya gangaro da kanwa da fata zai yi kudu, ko idonsa a rufe zai kawo kansa zauren nan.

Sana'ar Baba ke nan, ita ce kuma ta ubansa. Baƙo ya yi sallama ya sauke kayansa, a ba shi ruwa, a ba shi tuwo, ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa, sai ya farka sannan a tambaye shi daga ina. Baba ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta da Dandanci ko Barganci, ya tsaya masa in rigima ta taso. Falke kuwa ba ya sauya mai masauki. Inda ubanka ya sauka nan za ka sauka, in ka tsallake zuwa wani gida ka ci mutuncin wancan ko da ba ka buɗe baki ba. Baba ba shi da shanu, ba shi da wata gona ta a-zo-a-gani. Abin da ya mallaka a duniya shi ne in an ambace shi a Kumasi ko a Katsina wani ya ce, "A gidansa nake sauka." Innarmu kuma kullum tana tuƙa tuwo ba ta san yawan bakin da za su ci ba, ta cika akussa ta aika zaure, su dawo a siɗe.

Sai Nasara ya naɗe tutarsa ya tafi, ƙasa ta zama tamu, wani ciwo ya shigo gari, ciwon ginin sima, wato siminti, da rufin tol, wato kwano. Duk wanda ya ɗan ji nauyin aljihunsa sai ya rushe ɗakin ubansa ya kira mason, maginin zamani. Mu ta hannun yayana ciwon ya shigo mana. Shi kaɗai aka kai lakwal, makarantar boko, a gidanmu, ya fito ya sami aiki a wani biro, wato ofis, a Paraku, yana shaƙe wuyansa da karabat cikin zafin da ko ƙadangare inuwa yake nema. In ya zo Jugu sai ya toshe hanci ya ratsa zaure da sauri, wai shi mai tsabta. Shi ya yi ta hura wa Baba kunne cewa mutum mai suna irinsa bai dace ya zauna cikin rumbu ba. Ya ce yana da aboki da ya yi karatun zanen gini a ƙasar waje, zai zana masa gida.

Ni ce auta, ni kaɗai nake gaya wa Baba magana in kwana lafiya, shi ya sa ba a kore ni ba ranar da aka kawo zanen. Lokacin ina aure a unguwar Zongo ta Paraku, Inna ta zo duba ni, muka kai abinci ɗakin yayana inda Baba ya sauka. Mai zanen saurayi ne siriri, ɗan kudu, mai ladabi. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gai da Baba da 'yar Hausar da ya tsinta a kasuwa. Ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Takarda biyu ya kawo, kuma wadda ya fara shimfiɗawa ita ce ta gaskiya.

Layuka ne baƙaƙe a kan farar takarda, gida-gida, kamar an leƙo gidan daga sama an cire masa rufi. Ya ce wannan shi ne palan, a nan ake ganin inda kowane ɗaki yake da inda ƙofarsa take kallo, Baba ya duba da kyau, in akwai abin da bai yi masa ba yanzu ne lokacin faɗa. Baba ya duba. Ya juya takardar ya sake dubawa, ya ce shi dai gidan dara yake gani. Inna ta leƙa ta ce wannan gida ina rufinsa, ko a filin Allah za a riƙa kwana? Yayana ya yi tsaki, tsakin ma na 'yan lakwal. Ba wanda takardar nan ta taɓa wa zuciya, har ni. Aka ture ta gefe, can ma na ga an ɗora mata kwanon miya.

Sannan saurayin ya warware ta biyun.

Wallahi har yau in na rufe ido ina ganinta. Gida fari fat, bene, da matakala masu faɗi suna hawa zuwa wata ƙofar gilashi. Sama shuɗiya, irin shuɗin da ban taɓa gani a samaniyar Jugu ba. Ciyawa kore shar a gaba, ba kashin akuya ko ɗaya. Wata inuwa mai launin toka ta gangaro a karkace daga ƙarƙashin barandar sama, ta bi bango ta kwanta a ƙasa. A gefe ga wata bishiya, ba mangwaro ba, ba darbejiya ba, bishiya dai kawai. A gindin matakalar kuma wani dogon mutum yana tsaye, hannu cikin aljihun wando, ba shi da fuska, yana kallon gidan, ba shi da wani aiki a duniya sai wannan.

Baba ya daina taunar goron da ke bakinsa. Can ya ce, a hankali, "Kun ji sanyi kuwa?" Muna cikin ɗakin tol da tsakar rana, gumi yana bin bayan kowa, amma na rantse ni ma na ji shi. Ya miƙa yatsa zai taɓa, ya fasa, ya goge yatsan a jikin riga, sannan ya nuna mutumin nan mara fuska ya ce, "Wannan ni ne?" Mai zanen ya buɗe baki zai yi bayani, yayana ya riga shi. Ya ce, "Kai ne mana, Baba." Baba ya ce ai da an sa masa babbar riga, amma ba komai.

Inna ce kaɗai ta yi tambaya. Ta ce, "Malam, baƙi a ina za su sauke kaya?"

Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kin ga baƙo da kaya a cikin hoton nan?"

Yayana ya ce akwai wani ɗaki a bayan ƙofar gilashin, salo ake ce masa, shi ne zauren zamani, har da kujeru. Inna ta tattara kwanukanta.

Hoton ya tafi Jugu a gaban kamiyo, babbar motar kaya, a kan cinyar Baba, naɗe cikin sabon rawani. Inna tana baya tare da buhunan gishiri. Aka sa masa katako da gilashi aka rataye shi a zaure, zauren da zai cinye. Gari ya yi ta zuwa kallo. Tsofaffin da ke zama a dakalin ƙofar gidanmu suka bar hira suka koma tsayuwa a gabansa. Fataken kansu, waɗanda za a raba da makwancinsu, su suka fi kowa sa albarka. Wani tsoho ya ce in Aljanna ta kai haka shi ya gode. Liman ya ce masa ya yi istigfari, amma shi ma sai da aka kira salla sannan ya bar wurin. Ba wanda ya ce a kawo ɗaya takardar a gani. Sai da mason ya tambaya aka zaƙulo ta daga ƙarƙashin tabarma, da zoben miya a tsakiyarta.

Ban je ranar da aka rushe zauren ba, na kuma gode Allah. Inna ta ce Baba da kansa ya tsaya, hoto a hammata, yana nuna inda za a fara sara. Baƙin da suka zo lokacin gini aka yi musu 'yar rumfa a bayan gida, suka yi haƙuri, ai sun ga hoton.

Da hoton aka yi ginin, ba da palan ba. Duk safiya Baba ya ɗauko shi ya tsallaka hanya, ya ɗaga shi sama, ya dubi gini ya dubi hoto. Mason ɗin kuwa ya fi Baba imani da shi. Aka shuka ciyawa, awaki suka cinye, aka sake shukawa aka kewaye da ƙaya. Bishiyar ba wanda ya san sunanta, sai aka tura har Seru aka tono wata da aka ce sun yi kama. Inuwar ce ta ba da wahala. Gini ya ƙare, an shafe shi da farar ƙasa, inuwa ba ta zo ba. Baba ya jira ta da safe, ya jira ta da azahar, ya jira ta da la'asar. Gidan yamma yake kallo, rana ta doke shi a goshi har ta faɗi, ba wata inuwa mai karkata. Mason ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya dama farar ƙasa da garin gawayi, ya ja ta daga ƙarƙashin baranda, ya bi bango, ya sauko har kan sima, daidai yadda take a hoto. Haka muka zama gida na farko a Jugu mai inuwar da ba ta motsi. Ko akuya ba ta taɓa ruɗuwa ta kwanta a cikinta ba.

Ranar buɗe gida na zo da goyo a baya. An yanka sa, an dafa shinkafa, jama'a ta taru maƙil. Sai dai a tsallaken hanya ta taru. Kowa yana ma sha Allah, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa baranda, ba wanda ya taka matakala. Da farko na ɗauka kunya ce. Sai na ga wani manomi daga Partago, wanda tun ina yarinya yake kawo doya zaurenmu ya kwanta ya yi minshari yadda ya ga dama, ya matso, ya cire hula, ya tsuguna a gindin matakala yana tambaya ina falanto, wato mai tsaron ƙofar biro.

Nan na gane. A duk rayuwar mutanen nan, farin gida mai matakala guda ɗaya suka sani, biron kwamandan, Baturen mulki. Can ake kiran iyayenmu kan haraji da aikin dole, can mutum yake tsugunawa a rana har a kira sunansa. Nasara ya tafi, amma gwiwoyinsu ba su manta ba. Gidan da ya sa mu jin sanyi a takarda, da ya tashi tsaye gaba yake faɗar wa mutum. Ga Baba kuma a can saman matakala, cikin babbar rigarsa mai aska, yana ɗaga hannu yana cewa, "Ku shigo mana, bismilla." Yana ƙara ɗaga murya, suna ƙara ja da baya. Ƙarshenta shinkafar ce aka ɗauka aka kai musu, suka ci a zauren Alhajin tsallake.

Alhajin tsallake maƙwabcinmu ne, gidansa yana kallon namu. Shi ma mai masauki ne, amma ƙarami, wanda duk rayuwarsa baƙin da suka yi mana yawa yake samu. Zaurensa tsohon gini ne mai tsaga, shi kuma ba shi da ƙarfin kamuwa da ciwon sima. Ranar nan yana ta rarraba tabarmi yana cewa ai duk gida ɗaya ne, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Da Baba ya so, da mutane sun saba. Ɗan Adam ba abin da ba ya sabawa da shi. Amma hoton ba kowa a cikinsa sai mutumin nan mara fuska, Baba kuwa ya ƙudura gidansa ba zai gaza hoto ba. Ya sallami mai ƙosan da take suya a ƙofarmu tun kafin a haife ni, wai hayaƙi zai ɓata bango. Ba a sake gina dakali ba, tsofaffi suka kwashe buzayensu. Kamiyo ba zai tsaya a gaba ba, sai ya zaga lungu. Huhun goro ba zai bi ta ƙofar gilashi ba, sai a shigo da shi ta baya kamar kayan sata. Sannan babbar doka ta fito: ba a tofar da yawun goro. A gidan goro fa. A gidan da goro ya gina tun daga tushe har tol. Aka jera gwangwanayen tumatir a ɗakin kujeru, baƙo ya zauna a bakin kujera, gwiwa a haɗe, yana tofawa cikin gwangwani a hankali kada ya fallatsa. Baba kansa in goro ya cika masa baki sai ya tashi ya zaga bayan gida.

Akussan Inna suka fara dawowa da rabi. Daga baya suka riƙa dawowa yadda suka tafi. Sai ta ajiye babbar tukunya ta ɗauko ƙarama. Baba ya ce iyaka ce ta yi tsanani, ya ce sojoji ne, ya ce kamiyo ne da ba ya kwana a hanya. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma iyakar nan da kamiyon nan ba su hana zauren Alhajin tsallake cika ba.

Akwai wani tsohon falke Bakatsine da muke kira Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tun zamanin kakanmu yake sauka a gidanmu, shi ya raɗa wa yayana suna. Ciwo ya kwantar da shi ya daɗe bai zo ba, don haka bai ga hoton ba, bai ji labarin gini ba. Ina Jugu ranar da ya iso. Ya sauka daga mota ya nemi zaure, ya ga farin bene, ya ce a ransa gwamnati ta ƙwace wurin, Baba ko ya rasu ko ya tashi. Ya ja kayansa ya yi sallama a tsallake.

Bayan azahar labari ya iske Baba. Bai aiki kowa ba, da kansa ya tsallaka, ya kamo hannun Kawu ya jawo shi. Tsohon ya hau matakala takalmansa a hannu. Ya zauna a bakin kujera. Na kawo masa ruwa na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da 'yar ƙaramar murya, shi da ake jin dariyarsa daga kasuwa. Akwai goro a kumatunsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, Baba ya tura masa gwangwani da ƙafa. Kawu ya dubi gwangwanin, ya dubi Baba, ya haɗiye.

Suka yi gaisuwa, suka tambayi iyali, suka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu. Sai Kawu ya ce, "Gida ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma ka yi mini aikin gafara, tun da na shigo nake jin kamar za a kira sunana." Ya ce bari ya je ya duba kayansa. Bai dawo ba. Inna ta ce tuwonta dai sai ya ci, ta cika akushi ta aika masa. Ranar ce tuwon gidanmu ya fara ƙetare hanya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina da abin da na daɗe ina riƙe da shi. Kwanakin baya a Paraku na ga an kafa allo a inda za a gina gidan mai, da hoton ginin a jiki. Wa zan gani a gindinsa? Mutuminmu mara fuska, hannu cikin aljihu. Na sake ganinsa a hoton wata butik, wato kanti, kusa da gar, tashar jirgin ƙasa. Da na gamu da mai zanen na tambaye shi, ya ce ai daga wani littafi yake kwafo shi, a kowane zane yana sa shi don a gane tsayin ƙofa. Ciyawar da bishiyar da inuwar ma haka, don kada takarda ta zauna fili. Da na ce masa an zana inuwar a bango sai ya fashe da dariya, sai da ya ga fuskata ya haɗiye ta. Ya ce shi ai palan ya ce a duba.

Bayan la'asar na iske Baba shi kaɗai a ɗakin kujeru, tsakanin gwangwanayensa. Na zazzage masa duka. Na ce, "Baba, mutumin nan da kake cewa kai ne, a gaban gidan mai ma yana tsaye, a gaban butik ma yana tsaye. Shi kaɗai ne baƙon da ya rage maka, shi kuma ba ya cin tuwo. Ka rushe zauren ubanka saboda ɗan kwafe." Ya ce, "Ke dai wannan bakin naki, Allah ya shirye ki." Na ce amin, na fita.

Washegari da safe sai na ji ana haƙa. Baba ne ya sa aka kafa dirkoki a ƙofar gida, aka ɗora zana, aka shimfiɗa tabarmi, aka girka randa da moɗa. Rumfa dai irin ta kowa. Kafin ranar kasuwa tsofaffi sun dawo da buzayensu ba tare da an kira su ba. Mai ƙosai ta lallaɓo da kaskonta, ta fara daga nesa, kullum tana ɗan matsowa. Manomin Partago ya zo ya jingina doyarsa ya kwanta. Wasu fatake suka sauke huhu, gindin dirkoki ya fara ja. Kawu ma ya tsallako ya wuni. Inna ta wanke babbar tukunya. Ina daga ciki na ji Baba yana ciniki da Dandanci, yana rantsuwa, yana dariya. Na ce alhamdulillahi, ciwo ya sake shi.

Ranar Juma'a yana dawowa daga masallaci, ta ɗaya gefen hanyar ya biyo. Ina tsaye a bakin ƙofar lungu na gan shi ya ja ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya aika aka kawo masa hoton. Ya ɗaga shi, ya dubi gida, ya dubi hoto. Rumfar ta rufe matakala, ta cinye rabin ƙofar gilashi, inuwar gawayin ma ta ɓace a bayan zana. Tun daga nan na ga fuskarsa, na san an gama.

Ya tsallako ya tsaya a bakin rumfar, bai iya kallon kowa ba. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ta rufe fuskar gida." Da wani ya yi masa faɗa da na ji daɗi. Da kansu suka naɗe tabarmi, tsofaffin ma har da taya cire dirkoki, suna ce masa ai gaskiya ne, gida irin wannan bai kamata a rufe shi ba. Ladabin nan nasu shi ya fi ƙona mini rai. Inna ta riga ta ɗora ruwan tuwo a babbar tukunya, ta sauke. Ni kuwa na goya ɗana na kama motar Paraku ban yi masa sallama ba.

Na daɗe ban zo ba. Yayana ya sa an ɗauki gidan a hoto, yana yawo da shi biro-biro, abokansa suna yaba masa. Sai da Inna ta aiko cewa Baba ba ya cin abinci sosai sannan na shirya. Na iske gidan fari tas, an sake shafe shi, ciyawa ta kama, ba motsin kowa. Na tambayi Inna ina yake. Ta ce, "Yana tsallake. Can yake wuni yanzu. Wai daga can gidan ya fi kyau."

Na ɗauki abincinsa na kai masa. Yana zaune a bakin zauren Alhaji daga ciki, a kan wata tabarma da aka ware masa. Ya rame. Ba gidan yake kallo ba, ƙarya yake yi wa Inna. Ya ba hanya rabin baya, kunnensa yana wajen fataken da ke ciniki a tsakiyar zaure. Wani Babarge yana ta faman yi wa wani Bakano bayani ba su fahimci juna ba, na ga leɓen Baba yana motsi, amma bai furta ba, domin ba a yi wa baƙon wani tafinta a zauren wani. Ya amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Ina durƙushe ina buɗe masa kwano sai wani matashin falke da ke barci a gefe ya farka. Sabo ne a hanya, bai san kowa ba. Ya wanke fuska, ya matso ya gai da Baba da ladabi, ya ce, "Baba, kai ma a nan ka sauka?"

Cinikin ya tsaya. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na buɗe baki zan gaya wa saurayin nan ko da wa yake magana, Baba ya dafa mini hannu.

Ya ce, "E, a nan na sauka."

Saurayin ya ce, "Ni yau na fara zuwa. Yaya mai gidan, yana da kirki kuwa?"

Baba ya ce, "Yana da kirki, ɗana. Ka riƙe shi, kada ka sauya."